Hannun Hagun Chebo

Shekara bakwai ke nan, wani dare bayan cin abinci, muna buga wasan domino a ƙofar gidan maƙwabciyata Doña Fermina, na ji wata ƙara daga bayan unguwa. Dum. Shiru. Dum. Ba ganga ba ce, ba kuma kwakwa ce ke faɗowa ba, don kwakwa ba ta jiran 'yar'uwarta daidai numfashi shida. Na ƙirga sittin, ta tsaya. Ni a aji uku na bar makaranta na shiga yankan rake, amma baƙon abu ba ya barina in zauna lafiya. Dare na uku na bi ƙarar. Sai ga Eusebio Peguero, wanda muke kira Chebo, ya jingina tsohuwar katifa a bangon ɗakin girkinsa, yana jifanta da ƙwallo. Da hannun hagu.

Na ce, "Compadre, aminina, lafiyarka kuwa? Yaushe ka zama bahago?"

Ya ce, "Don Nicanor, me ka gani?"

"Katifa."

"To in an tambaye ka, ita ka gani."

Duk garinmu San Pedro an san hanyar da ya biyo. Da murfin kwalba da sandar tsintsiya ya fara besbol, wasan da wani yake jefa ƙwallo wani ya dake ta da kulki, kamar kowa. Yana da shekara sha bakwai masu farautar 'yan wasan besbol suka ɗauke shi. Ya yi shekara biyar yana jifa a ƙananan kulob na Amurka, rabin barcinsa a cikin bas. Saura mataki ɗaya ya shiga babban rukuni, gwiwar hannunsa ta ba shi kunya. Ya dawo da jaka ɗaya, kulob ɗin garinmu ya ba shi aikin majefin atisaye.

Aikin nan ya daɗe yana ba ni mamaki. Kowane majefi burinsa kada mai kulki ya taɓa ƙwallonsa. Chebo kuwa don a dake ta aka ɗauke shi. Kullum ƙarfe ɗaya na rana yana fili. Ya sha kofinsa, ya tsaya bayan ragar kariya, ya jefa ɗari da hamsin, kowace a inda mai kulki yake so. In ta tashi ta haye katanga, ya yi aiki mai kyau, wani ne kuma za a tafa wa. Shekara ashirin da huɗu yana haka, sai kafaɗar dama ta ƙi ɗaguwa. Shugabannin kulob suka ce ya zo ranar buɗe atisaye. In bai iya ba, ya ajiye riga. Wata biyar ya rage masa. Watannin katifa ke nan.

Ina wurin ranar buɗe atisayen. Ragar kariya tana da giɓi a gefe ɗaya, inda hannun majefi yake fitowa. Chebo ya kama ta, ya juya giɓin zuwa hagu. Wani ƙaton mai kulki, Wilkin, ya fashe da dariya.

"Tsoho, da hannun riƙe faranti za ka jefo min? Bari in sa hular kwano biyu!"

Chebo ya ce, "Ɗaya ta isa, ɗana. Babu abin fashewa a ciki."

Ya jefa arba'in. Uku ne suka kauce: biyu a ƙasa, ɗaya a cinyar Wilkin, kuma har yau ana musu ko kuskure ne. Koci ya tofar da abin da yake taunawa, ya ce, "Gobe ƙarfe ɗaya."

Shekara shida ya ƙara. Duk tsawonsu masu gyaran fili a dama suke kafa giɓin, don hannunsu ya saba. Kullum shi yake juya ragar da kansa, bai taɓa yi musu faɗa ba.

Chebo, kai ne majefin da ya yarda a dake shi don wasu su yi suna. Kai ne ka san inda kowane mai kulki yake da rauni, ba ka taɓa kunyata ko ɗaya ba. Wilkin ya faɗa da bakinsa, ranar da dukan ƙwallo ya ƙi masa har ya fara zancen komawa gonar rake, kai ka tsaya da shi a fili bayan kowa ya watse, kana jefawa har hannunsa ya dawo. Mun gode, mai hannu biyu. Masu tasowa, ku dubi mutumin nan. Ba kowa ne zai kai babban rukuni ba, amma kowa zai iya zuwa ƙarfe ɗaya.

Watan jiya kafaɗar hagu ita ma ta tsaya. Ranar Lahadi kulob ya sallame shi da riga mai sunansa da kujerar lilo.

Jiya muna domino, sai muka ji. Dum. Na fara ƙirga numfashi. Dum. Mu huɗu muka dubi juna. Doña Fermina ta kife 'ya'yan dominonta a tebur, ta juya wajen gidansa.

"Hannu biyu Allah ya ba bawan nan, duka ya ƙarar mana da su. To yanzu da me yake jifan?"