Ranar da Takina Ya Tsallake Katanga

Abubuwa da yawa sun faru da ni a gidanmu na Kafanchan waɗanda na manta su sarai, amma ranar da maigidana ya ƙaddamar da injin tankaɗen takinsa, ko tsufa ya kwashe min tunani ina jin ita ce za ta rage.

Ni malamar firamare ce da na yi ritaya, kuma abin da ke ɗebe min kewa shi ne ɗan lambun da ke bayan ɗakinmu. Ina shuka alayyafo, kuɓewa, yakuwa, tumatir da barkono, sai citta 'yar kaɗan a cikin buhuna. Ba na sayen takin zamani. A kusurwar gidan, jikin katanga, ina da rami inda nake zuba ɓawon doya da na rogo, ganyen mangwaro, toka, da kashin kaji da na awaki. In ya yi watanni ya ruɓe sai ya koma baƙi wuluk, yana ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan farko. Wahalar tana wajen tankaɗewa, don ba ya fitowa da tsabta. Za ka tarar da tsakuwa, guntayen leda, ƙwallon mangwaron da ya ƙi ruɓewa, wani lokaci har fasasshiyar kwalba. Da ragar waya da aka kafa a katako nake tankaɗe shi, ina sunkuye ina girgizawa, daga nan kuma bayana ya hana ni sakat.

Maigidana kuwa a sashen gyara na jirgin ƙasa ya yi aikinsa, abokansa suna ce masa Injiniya. Tun da ya bar aiki hannunsa ke ƙaiƙayi. Duk abin da ke aiki lafiya lau a gidan sai ya kwance shi ya ga cikinsa. Wata safiya ya same ni na dafe ƙugu a bakin ramin, ya tsaya yana kallona yana kaɗa kai.

"Mama, kin gama wannan wahala," in ji shi. "Zan haɗa miki inji."

Na ce, "Wane irin inji kuma?"

"Wanda zai tankaɗe ramin nan kaf kafin shayinki ya huce."

Na ɗauka magana ce kawai. Ashe da gaske yake. Ya samo tsofaffin rim na keke, wato zagayen ƙarfen taya, ya naɗe su da ragar waya ta zama kamar ganga mai baki biyu a buɗe. Ya ɗora ta a kan ƙarafa a ɗan karkace, ya ɗauko injin fetur na tsohon markaɗena, ya haɗa su da bel. In ka zuba taki ta bakin sama, gangar na juyawa a hankali, lallausan na zubowa ƙasa cikin baro, tarkacen kuma na gangarawa ya fita ta ɗaya bakin. Ranar da ya gwada shi daga ni sai shi, gaskiya na sha mamaki. Takin ya fito lilis kamar garin shayi. Har na yi masa tafi. Yanzu da nake tunawa, ina ganin tafin nan ne ya ƙara masa ƙarfin gwiwa fiye da kima, don a take ya ce lallai sai abokansa sun zo sun gani da idonsu.

Kafin in ci gaba sai na gaya muku wace ce a bayan katangar. Hajiya ce, mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda iyayenta da kakanninta duk 'yan kasuwar garin ne. Mun daɗe muna maƙwabtaka. Da Sallah namanta na shigowa gidana, da Kirsimeti shinkafata da cincin na shiga nata. A makon nan ake bikin autarta, wadda ta gama karatun aikin jinya, za a ɗaura aure ranar Asabar. Na san da bikin, har na karɓo ankona daga wurin tela. Abin da ban sani ba shi ne, a safiyar Alhamis ɗin da maigida ya gayyaci abokansa an wanke shinkafar nakiya da alkamar alkaki, an shanya su a kan tabarmi a gindin katangarmu, don nan ne rana ta fi bugawa a gidanta. Kayan garar amarya ke nan, waɗanda za a kai gidan miji a ga mutuncin uwa.

Da hantsi baƙin maigida suka hallara. Akwai wani dattijon ikilisiyarmu da ya zo da farar riga kamar mai zuwa sujada, akwai tsofaffin abokan aikinsa. Na fito musu da kujeru da kunun zaƙi. Maigida ya yi jawabi mai tsawo a kan bel da juyi, sannan ya ja igiya, inji ya tashi. Ya ɗebi taki da shebur ya zuba. Gangar ta fara juyawa cikin natsuwa, baro na cika, kowa na gyaɗa kai.

Sai ɗaya daga cikin abokan aikin ya kurɓi kunu ya ce, "Injiniya, iyakar gudunsa ke nan? Ai matata da rariya za ta wuce shi."

Na ga fuskar maigida ta canza. Na ce, "Baba, bar shi haka, yana aiki."

Ya ce, "Mama, ki tsaya ki gani." Ya loda wa gangar taki har wuya, ya kama wayar totur ya ja ta ƙarshe.

Ban taɓa jin ƙara irin wannan a gidan mutane ba. Gangar ta koma juyawa kamar fanka, ƙarafan na rawa suna tsalle a ƙasa. Maimakon taki ya zubo cikin baro, sai ya riƙa fesowa ta kowane ɓangare. Farar rigar dattijo ce ta fara karɓar rabonta. Ya miƙe yana kare fuska da hula yana ihu, "Yesu! Kashe shi! Wannan abu zai kashe mutum!" Kajina suka watse, ƙwallon mangwaro ya fito kamar harsashi ya fasa min kofi. Maigida ya tura totur baya, waya ta maƙale ta ƙi komawa. Ya laluba makunnin, ashe jijjigar ta cisge wayarsa. Ni kuwa ina tsaye ina kallon wani baƙin labule na taki yana tashi sama yana tsallake katanga, yana sauka a gidan Hajiya. A ƙarshe maigida ya kai hannu ya fizge kan fulogi. Wuta ta ja shi ya yi tsalle ya faɗa zaune cikin baro, amma dai inji ya mutu.

Sai muka ji muryar wata mata daga can bayan katanga ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wa ya watso mana ƙazanta a kan abinci?"

Gidan biki cike yake da baƙi, dangin da suka zo daga Zariya da Kaduna, waɗanda ba su san mu ba, ba su san zamanmu da Hajiya ba. Kafin mu gama karkaɗe jiki mun fara jin hayaniya a ƙofar gida. Na leƙa ta kafar get na ga samari sun taru, wani na nuna gidanmu yana cewa da gangan aka yi, kashin dabbobi aka watsa wa abincin biki. Wasu samarin layinmu kuma sun fara matsowa daga ɗaya ɓangaren suna tambayar me ya faru. Duk wanda ya zauna a garin nan ya san yadda ƙaramar magana take kumbura kafin ta kai bakin titi. Dattijon da ke ta ihu ɗazu, na ga leɓensa na motsi yana addu'a.

Sai na ji muryar Hajiya a waje, ba ta ko ɗaga ta sosai ba. "Kowa ya tsaya inda yake. Gidan maƙwabciyata ne, ni zan shiga. Wanda ya biyo ni ba ɗana ba ne."

Ta ƙwanƙwasa, na buɗe. Ɗankwalinta da kafaɗunta duk baƙin gari, fuskarta a ɗaure tamau. Ta ce, "Malama, me ya faru?"

Na dai yi mata nuni da bayan gida, ta wuce ina biye da ita. Ta tarar da dattijo da rigar da ta koma kalar gawayi, ta tarar da ganga ta karkace bel na lilo, ta kuma tarar da maigidana har yanzu zaune cikin baro, ƙafafu a sama, ba abin da ake gani a fuskarsa sai idanu. Ya yi ƙoƙarin miƙewa ya gaishe ta, baron ya kife da shi.

Hajiya ta dube shi, ta dubi injin, ta sake dubansa. Na ga kumatunta na rawa. Ta toshe baki da gefen mayafi, amma ina, dariya ta ƙwace mata. Ta yi ta yi har ta dafa bishiyar gwanda tana share hawaye.

"Injiniya," ta ce da ta samu numfashi, "jirgin ƙasan ne ka dawo da shi gida?"

Ya ce, "Hajiya, ki yafe min. Totur ne ya maƙale."

Ta fita ƙofar gida da kanta ta ce wa samarin, "Ku shigo ku ga abin da kuke son yin faɗa da shi." Suka shigo fuska a murtuke, suka fita suna riƙe ciki. Wanda ya fi kowa zafi ɗazu shi ne ya tsaya yana tambayar maigida yadda aka yi gangar take juyawa.

Dariya ta wuce, amma ɓarna tana nan. Da na shiga gidanta na ga tabarmin, sai da hawaye ya zo min. Shinkafa fara tas ta koma kamar an yayyafa mata barkonon masoro, alkamar ma haka. Ba wanda zai kai wannan gidan surukai ko an wanke sau nawa. Amarya na tsaye bakin ɗaki da lalle a hannu. Hajiya ta ce a hankali, "Malama, ba kayan ne damuwata ba. Lokaci ne. Jibi ne fa, kuma alkaki sai ya kwana."

Na ce, "Hajiya, ki ba ni zuwa azahar."

Na kira shugabar zumuntar matan ikilisiyarmu na gaya mata abin da ya faru. Sai da ta gama nata dariyar sannan ta ce, "Muna zuwa." Maigida ya yi wanka ya hau babur ya nufi kasuwa neman alkama, da gargaɗin kada ya taɓa komai mai waya a hanya. Kafin rana ta take, mata sun fara shigowa, wannan da kwanon shinkafar gida a ka, waccan da turmi, wata da tabarya. Muka wanke, muka shanya, wannan karon a tsakiyar tsakar gida nesa da kowace katanga. Ranar watan Maris ta taimake mu, ta busar da komai kafin la'asar.

Yawancinmu ba mu taɓa yin nakiya ba, ci kawai muka iya. Yayar Hajiya, wata tsohuwa mai faɗa daga Zariya, ita ta zama malamarmu. Ta riƙa bin mu tana cewa, "Ba haka ake soya shinkafa ba, 'yar nan, za ki ƙona ta! Juya, juya!" Wata 'yar zumuntarmu ta ce mata, "Mama, ka yi haƙuri da mu, yau ne muka shiga makaranta." Tsohuwar ta gyara mata Hausar, ta kuma gyara mata riƙon muciya. Ana daka, namu matan suka ɗauki waƙa da yarenmu, dangin amarya suna amsawa da guɗa ba tare da sun san me ake cewa ba. Washegari muka dawo muka murza alkaki, nawa ya fito a karkace har aka ware shi gefe aka ce na yara ne. Ranar Asabar aka kai gara cikakkiya, ba wanda ya ga alamar wani abu ya faru, sai dai mu da muke haɗa ido muna danne dariya.

Injin kuwa bai mutu ba. Maigida ya sa masa babban fuli, ƙarfen da bel ke juyawa a kai, don ya rage gudu, ya rufe gangar da kwanon rufi ta sama da gefe, ya ɗaure totur yadda ba mai iya jan sa, ya kuma matsar da shi tsakiyar lambu. Har yau da shi nake tankaɗe takina kafin damina, kuma bayana ya huta. Sai dai duk ranar da za mu tayar da shi, nakan leƙa in ce, "Hajiya, akwai shanya?" Ita kuma ta ce, "Ku tashi jirginku, hanya a buɗe take."

Na koyar da yara shekaru masu yawa, amma darasin da na fi riƙewa a ranar nan na koye shi, daga matar da ta shigo gidana da taki a ka. Tana da dalilin yin fushi, tana da mutanen da suka shirya yi mata fushin, amma ta ce a tsaya sai ta gani da idonta. Tun daga lokacin, duk abin da ya faɗo min daga wajen wani, ko magana ce ko ɓarna, ba na yanke hukunci daga inda nake tsaye. Nakan taka in je in ƙwanƙwasa ƙofa in tambayi me ya faru. Sau da yawa abin da nake tararwa a can ba mugu ba ne, wani bawan Allah ne zaune cikin baro, yana jin kunyar da ta fi tawa ɓarnar.