Bangon Da Ke Matsowa

Sashen Iya shi ne mafi ƙanƙanta a gidanmu na Beli. Iya kakata ce, mahaifiyar babana, kuma da kanta ta zaɓi wannan lungu bayan rasuwar mijinta. Da na girma na taɓa auna shi da ƙafa, taku tara a tsaye, taku bakwai a kwance. Amma lokacin da muke yara, da wani ya ce mini wurin ƙarami ne da mun yi rigima. Akwai zana a tsakiya wadda ba ta kai bango ba, ga lalle a kusurwa da randa a gindinsa, ga soso ya haye katanga ya rufe ta ruf. Mu goma sha ɗaya muke zama a wurin har da 'ya'yan maƙwabta, ban taɓa jin an ce wani ya matsa ba.

Mahaifiyata, Inna, ita ta sa na tuna da sashen nan. Babanmu ya rasu, ƙannena sun watse, ta rage ita kaɗai a Beli da ciwon gwiwa, ga ɗakinta ya tsage ta baya. Na ƙudurta ba za ta sake damina a cikinsa ba. Na yi gini a unguwar Daura cikin Karaye, rabin fuloti, ɗakuna suka cinye wurin, tsakar gida ta zama 'yar mitsitsiya. Don in faɗaɗa mata ita sai na rushe rumfa, na sare ɗan zogalen da matata Hauwa ta shuka, na tura randa cikin kicin, na malale ko'ina da siminti, na shafe bango da farin fenti. Na tsaya ina kallo ina jin kaina gwani.

Inna ta zo bayan kaka, ta kwana uku. Kullum tana bakin ƙofar ɗaki, ba ta taɓa shimfiɗa tabarma a waje ba. Rana ta huɗu ta ɗaure kayanta.

"Wannan ai akwati ne," ta ce. "Duk inda na juya bango ne yake kallona."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Inna, ai ya fi sashen Iya da taku biyu, na auna."

"Na Iya sarari ne, naka fili ne," ta ce, ta fita ta hau mota.

Na kwana biyu ina fushi kafin maganar ta kai ni inda ya kamata. Iya ce mai wannan bambanci, kuma a tatsuniya muka fara jin sa.

Bayan an ci tuwo, sai Iya ta janyo garwashi daga murhu ta binne mana dankali a toka. Ba ta buɗe tatsuniya kamar sauran mutane. Takan ce, "To, ga ta nan ta iso, wa zai ba ta wurin zama?" Mu kuma mu amsa, "Ta zauna a nan mu ji ta." Ni ne ɗan tsokanarta, maigida take ce mini, kuma idan na fara gyangyaɗi sai ta ce miji malalaci Allah ya haɗa ta da shi.

Ta ce wai an yi wata mata mai ƙaramar tsakar gida, kullum tana mita. Ran nan ta ce turmi ne ya cinye mata wuri, ta fitar da shi. Da gari ya waye sai ta ga bango ya matso da taku ɗaya. Ta ce ai randa ce, ta fitar da ita, bango ya ƙara matsowa. Ta sare itacen da ke ba ta inuwa, ta kori kaji, ta share wurin tas. Da safe ta buɗe ƙofa, sai hancinta ya daki bango.

A nan Iya takan tsaya ta juya dankali, mu kuwa muna waigen katangarta a tsorace.

"Bango kwaɗayi gare shi," takan ce. "In ya leƙo ya ga ba komai, sai ya ce wurin nasa ne."

Matar ta tafi da kuka wurin wata tsohuwa mai saƙar zana. Tsohuwa ta ce, "Ke fili kika nema, ba ki nemi sarari ba. Fili da ƙafa ake auna shi, sarari kuwa ido ne da ƙirji suke sanin sa." Ta ba ta ƙwayar soso uku ta ce ta rufe wa bango ido. Ta ba ta zana ta ce ta kafa ta rabi, kada ta kai ƙarshe, don bango ya kasa sanin abin da ke baya. Ta ce ta mayar da kayanta gefe-gefe, ta bar tsakiya a share. Soso ya hau, bango ya makance, ya dinga ja da baya yana lalube. Har wai wata rana baƙuwa ta shigo gaisuwa, ta zagaya bayan zana, sai da aka kwana biyu ana cigiyarta.

Mukan fashe da dariya a nan. Iya ta ce, "Ta ƙare, ɓera ya tsere da kansa, kowa ya ɗauki dankalinsa."

Shekara da shekaru na ɗauki labarin a matsayin gargaɗi ga masu mita. Ban taɓa lura cewa ni ne matar nan ba, sai da na tsaya a tsakiyar simintina, farin bango huɗu suna haske mini ido. Da kallo ɗaya mutum ya gama ganin gidan kaf, babu inda ido zai je ya huta.

Na kira magini ya fasa simintin ta gefen bango, faɗin kamu biyu. Hauwa ta riƙe haɓa.

"Malam, simintin da ka hana mu takawa kwana uku?"

"Shi fa."

"To, a biya ni zogalena tukuna."

Na biya ta da guda biyu, muka kafa su can kusurwar ƙarshe tare da lalle. Muka shuka soso a bin bango, muna ba shi ruwan wanke-wanke safe da yamma. Na sayo zana wurin wani dattijo a Yammedi, na kafa ta rabi, randa ta koma bayanta da 'yar rumfa mai tsayin mutum. Tsakiya muka bar ta wayam. Wani abokin aikina ya leƙo ya ce na kawo ƙauyanci gidan bulo. Na ce ya yi haƙuri, ba dominsa aka yi ba.

Hadari ya fara haɗuwa lokacin da na koma Beli. Ban ce mata na gyara komai ba, na dai roƙe ta ta zo ta ga jikoki, kwana biyu kawai. Ta yarda da ƙyar, ko ƙullin kaya ba ta ɗauko ba. Na san idan ta sake cewa a'a, ba ni da wata dabara.

Ta shigo da sallama, ta tsaya. Ta dubi koren da ya rufe bango, ta dubi zanar, sai ta dogara sandarta ta zagaya baya. Ni da Hauwa muka tsaya muna jira. Ko taku ɗaya ban ƙara wa gidan ba, hasali ma na rage. Yanzu na gane Inna ba ta neman wurin da za ta yi tsere. Tana neman lungun da za ta zauna ba a kanta ake ba, inda za ta ji motsin gida ba tare da gida ya zuba mata ido ba. Na so in ba ta wuri mai faɗi, na manta in ba ta wuri nata.

Da Inna ta daɗe ba ta fito ba Hauwa ta leƙa, ta dawo tana rufe baki. Wai Inna ta shimfiɗa mayafinta a ƙasa ta miƙe ƙafa.

Ni ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunana. Sai na ji muryarta daga bayan zana.

"Kai, wannan."

"Na'am, Inna."

"Gobe ka koma Beli da mota. Kajina bakwai ne, kada ka bar ko ɗaya."