Sai Ka Ambaci Sunansa Kafin Ka Taɓa Shi

Shekara goma sha tara ke nan da muka kai Dakta Haliru makwancinsa a Talata Mafara. Tare muka yi firamare, tare muka shiga kwalejin horon malamai, sa'an nan hanya ta raba mu. Ni na dawwama a aikin makaranta har na sauka ina sufeto, shi kuwa lissafi ya ja shi jami'a, inda ya shiga sahun farko na 'yan ƙasarmu da suka koya wa ɗalibai yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni. Ba ɗabi'ata ba ce kai baƙin cikina jarida. Tambayar da 'yarsa ta kawo mini ce ta hana ni yin shiru bana.

Amma sai na koma baya tukuna. A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori, katafiloli sun baje gonakin Birnin Tudu domin shirya su noman rani. Mutanenmu da gamba suke kafa iyaka, a bar aduwa ko bagaruwa a kusurwa, kowa ya san tushen da kakansa ya dasa. Haliru ya zo hutu, na raka shi da mahaifinsa duba gona. Muka tarar da fili shimfiɗe kamar tabarma, babu gamba, babu itace. Tsohon ya yi gabas, ya dawo, ya yi kudu, sa'an nan ya tsaya ya ce, "Haliru, bisa gonata nike tsaye ko bisa ta wani? Wallahi ban sani ba." Daga baya an yanka masa wani wuri, amma har ya bar duniya bai taɓa ce da shi gonata ba, sai dai "wurin da anka ba ni."

Da aka zo zaɓen harshen kwamfuta da za a fara koya wa 'yan aji ɗaya, abokan aikin Haliru suka so BASIC saboda sauƙinsa. Shi ya kafe a kan Pascal, ya yi ta jayayya har suka sallama. Ya bayyana mini cewa a wannan harshe ba ka da izinin amfani da kome sai ka ambaci sunansa tun daga sama, ka faɗi lamba ce ko kalma, ka faɗi inda ta tsaya. In ka tsallake, na'ura ta ƙi motsi. Na ce masa, "Kai dai ka mayar da 'ya'yan mutane gonar babanka." Ya harare ni ya ce, "Sufeto, koma ga duba farcen yara. Ni na ga abin da ka faruwa in anka taɓa abu ba a ambaci mai shi ba." Ɗalibai sun sha wuya a hannunsa, waɗanda suka jure kuwa sun fita da tunani tsararre, kuma na daɗe ina alfahari da su kamar ni na koyar da su.

Yau 'yarsa Dakta Hadiza ce ke koyar da wannan fanni a wata jami'a, kuma gardamar ta dawo. Manyan sashensu, waɗanda yawancinsu ɗaliban Haliru ne, suna son harshen Java, mai irin wancan tsanani, suna kafa hujja da sunan mahaifinta a gabanta. Ita tana son Python, wanda ba ya tsananta tambaya, kuma ana iya gwada shi a wayar hannu. Dalilinta ya girgiza ni. Yaran da ke zuwa daga Maradun da Kaya da Bakura, iyayen da yawa daga cikinsu 'yan bindiga sun raba su da gona. Ba su da kwamfuta ta kansu, ta makaranta ba ta isa, wuta kuma sai an ga dama. Harshe mai tsanani yana bukatar hannu a kan na'ura kullum. Wanda ba shi da ita sai ya faɗi a shekarar farko, a sallame shi, ya koma ƙauyen da babu abin komawa.

Ranar da ta zo gidana, ta durƙusa ta gaishe ni, muka daɗe muna gaisawa, sa'an nan ta ce, "Baffa, kai ka san shi fiye da kowa. Da Baba na raye, mi zai zaɓa?"

Ban iya yi wa mamaci ƙarya ba. Na ce, "Ɗiyata, mai tsananin zai zaɓa, kuma da kin sha faɗa."

Ta ɗago ta ce, "To Baffa, Baba ba shi ka rubuta jarrabawa ba. Yaran nan ka rubutawa."

Ta koma jami'a ta tsaya a kan ra'ayinta, kuma ta yi rinjaye da ƙyar.

Tun daga ranar nake tambayar kaina me Haliru zai ce. Watakila ya ce an sassauta wa yara har za su fita ba su san abin da ke ƙarƙashin rubutunsu ba, balle yanzu da na ji akwai na'urar da ke rubuta musu aikin dungum. Tsoron nan gaskiya ne, kuma ina ɗauke da shi. Amma ban san yadda zai dubi ɗan gudun hijira ya ce masa ya je ya ƙara gwadawa a gida ba.

Harshen Pascal ya bar aji, ɗaliban Haliru suna ta ritaya, ni ma ƙarfina ya tafi. Abin da na ga ya saura daga gare shi mace ce mai taurin kai, wadda za ta ja da dukan sashe, har da mahaifinta, saboda abin da idonta ya gani a ƙasarmu. Ban sani ba ko wannan zai isa. Allah Ya jiƙan Haliru, Ya haskaka kabarinsa. Yaran nan kuwa, ya Ubangiji, ko da wane harshe ne, Ka kai su aji biyu.