Mutum-mutumin Kan Iyaka da Rigunan Jam'iyya

Gamba ce kawai ta raba gonata da ta taubashina. Shi ɗan gwaggona ne, ni ɗan namiji, don haka tun muna yara nake kiransa bawana, shi kuma yana ce mini ubangida marar ko akuya. A ƙauyenmu, can gaba da Minjibir, kowa ya san in muka haɗu a bakin rijiya sai an sha dariya.

Siyasa ce ta shiga tsakaninmu. A lokacin ina jam'iyyar da yawancin jihohinmu na Arewa suke zaɓa, shi kuwa ya bi wadda muke ce wa ta 'yan Kudu. In aka fara karanto sakamakon zaɓe a rediyon mai shayi, tun kafin a gama mun san inda kowace jiha za ta faɗa. Na nan namu, na can nasu. Na ɗauka haka abin zai tabbata, kamar yadda gero yake son jigawa, shinkafa take son fadama.

Wata damina gero ya fitar da kai, tsuntsaye suka addabe mu. Na je gona da safe, sai na tarar bawan nawa ya kafa mutum-mutumi a kan iyaka, ya sa masa rigar jam'iyyarmu, irin wadda ake rabawa lokacin kamfen, har da hula. Ya kuma juyo da fuskarsa wajen gonata.

"Ubangida, ga ɗan takararku nan na samo masa aiki," in ji shi. "Tsayuwa kawai ya iya, da buɗe hannu."

Wasa ne, kuma ko yaro ya san ba a fushi da taubashi. Amma ni na yi. Na tuɓe wa mutum-mutumin rigar na tafi. Daga ranar na daina ce masa bawana, sai dai "Malam, ina kwana." Shi ma ya koma ce mini Malam. Gaisuwa ba ta yanke ba, wasan ne ya mutu, wasan nan kuwa shi ne zumuncinmu. Gwaggo ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, ka mai da ɗan'uwanka baƙo." Na sunkuyar da kai, amma ban gyara ba.

Ana nan sai manyan da nake fushi dominsu suka fara ƙaura. Aka wayi gari jagoranmu ya koma jam'iyyar su bawana, ana yi masa kiɗa. Zaɓen da ya biyo baya, rediyo ta yi ta karanto jihohin da na rantse ba za su taɓa barinmu ba, ɗaya bayan ɗaya sun tafi can. Wasu jihohin Kudu kuma da ba su taɓa kallonmu ba, sai ga su a wajenmu. Mai shayi ya dube ni ya ce, "Baba, to yanzu wace ce ta 'yan Kudun?" Na ce ya ƙaro sukari.

Daga baya jam'iyyu suka haɗe, suka rabu, suka sake suna. Ni kaina na dangwala wa alamomi iri-iri. Har akwai zaɓen da muka tsaya ni da taubashina a layi ɗaya, mutum ɗaya muke so, amma muna ta "Malam, sannu da rana." Waɗanda suka zagi juna a kan munbari sun rungumi juna, mu da muka ci tuwo a kwano ɗaya mun kasa.

Daminar bara na ce wa mai ɗakina ta tattaro mini duk rigunan kamfen da ke gidan. Wasu har ta mai da su tsumma. Na sassaƙa itace, na kafa nawa mutum-mutumin a kan iyaka, na jibga masa rigunan nan wata kan wata, hular wannan jam'iyya, gyalen waccan. Na juya fuskarsa wajen gonar taubashina, na zauna ina jira.

Can sai ga shi da laujensa. Ya tsaya ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan kuma ɗan wace jam'iyya ne?"

"Bawana, ai ka fi ni saninsa. Duk inda ake rabon riga yana wurin."

Na ga kalmar "bawana" ta shige shi. Sai ya fashe da dariya har lauje ya faɗi, ya zauna daɓas a kan kunya yana riƙe ciki.

"Ubangida marar ko akuya! Ashe bakin nan naka yana da rai?"

"Kai, kiyaye ni. Akuyoyina biyu yanzu."

"Ɗaya ta matarka ce, ɗayar kuma kiwo aka ba ka."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na kai masa duka da hula. Muna cikin haka tsuntsaye suka sauka a kafaɗar mutum-mutumin, daga nan suka faɗa wa gerona. Ya ce in tashi in kore su, na ce aikin bawa ne. Babu wanda ya tashi a cikinmu, har yara suka kawo fura muka sha a ƙwarya ɗaya.