Ni Ne Mai Shan Ruwan Kamfani

Na sha ruwan rijiyoyin da suka lalace, a gaban jama'a, don a ce musu ruwan lafiya lau yake. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wani kamfanin fasa dutse ne ya sa ni, a bayan garin Sabha, ni kuma na yarda. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Maƙwabcina ne ke rubuta wannan ina faɗa masa, kuma na ce kada ya ƙara gishiri. Sunan kowa ba zai fito ba, har nawa.

A lokacin ni ƙato ne, daga wani ƙauye a ƙasar Damargu. Damina ta ƙi, na hau kamiyo, babbar motar kaya, na bi hamada. Shekarun nan ne da mai ƙasar Libiya ke cewa duk baƙar fata ɗan'uwansa ne, ƙofa a buɗe take. A rediyo Afirka, a jikin bango Afirka, a titi kuwa yara na jifanmu. Hanya ta riga ta koya mini abu guda: kada ka yarda da kowa. Direban da ya rantse mana zai kai mu har cikin gari, shi ya sauke mu a daji ya juya. Tun daga nan ban ƙara ba mutum ajiya ba, ba na cin abincin da ban ga zubawarsa ba, takalmina ma a ƙarƙashin kai nake kwana da shi. Abokan ɗakinmu a unguwar Gurda suna ce mini Bushiya, wai ko gaisuwa aka miƙo mini sai na dunƙule. Ina jin daɗin sunan. Na ɗauka kowa za a iya cuta a ƙasar nan, ban da ni.

Daga bakin titin Gurda, inda muke tsayawa da safe muna jiran mai neman lebura, aka kwashe mu zuwa kassara, wato wurin da ake tayar da dutse da nakiya a niƙa shi ya zama tsakuwar gini. Aikina tura dutse bakin inji. Ƙura kan mai da kowa fari fat, har mukan ce ga shi mun zama 'yan ƙasa, saura takarda. A bayan injinan akwai wani babban rami. Nan ake zubar da baƙin mai, nan ake wanke manyan motoci, nan ake watsar da garin nakiyar da ya jiƙe. Ramin ba ya cika. Kowa ya san inda abin ke tafiya, don gangaren wurin duk gonaki ne, dabino da albasa da ciyawar dabbobi. Masu gonakin Larabawa ne, suna zaune cikin gari, a Sukra da wasu unguwanni, sai ran Juma'a su leƙo. Masu kwana a gonakin, masu shan ruwan rijiyoyin, mutanenmu ne 'yan Nijar.

Da ruwan ya fara wari, tumaki ne suka fara ƙin sha. Albasa ta yi rawaya. Masu gonaki suka kai ƙara wurin lajna, kwamitin jama'ar da ke sauraron irin wannan a zamanin, kamfani kuma ya ce zai zauna da mutane ya ji kukansu. Jajiberin zaman, shugabanmu na lebura ya ja ni gefe. Mutumin ƙasarmu ne, ya daɗe a Libiya. A gaban manya Larabci yake yi, Hausa sai in yana son wani abu. Ya kira ni ƙanensa, ya ce ya lura duk cikin garken nan ni kaɗai ne mai ido. Ya ce gobe za a nemi a sha ruwan rijiya a gaban mutane, kuma ni zan sha, amma kada in damu. Shi zai tafi da bido, wato jarka, a mota ya cika a rijiya kowa na gani, a cikin motar kuma akwai wani bido irinsa sak, cike da ruwan da mudir, mai kamfanin, yake sha a ofis. Kafin ya iso rumfa ya musanya. Ya ce zai ɗan shafa gazuwal, man manyan motoci, a bakin bidon don wari ya yi kama, in na ji ɗanɗano in daure. Ladana shi ne a ɗauke ni daga bakin inji a mai da ni gadin ƙofa.

Na daɗe ina kallonsa. Na nemi inda cutar take, na kuwa gan ta: masu gonaki za a cuta. Da na ga cuta sai hankalina ya kwanta. Ban nemi ta biyu ba.

Ranar zaman aka kashe inji, aka yayyafa wa hanya ruwa, aka kafa rumfa da darduma, aka yanka rago, shayi mai kumfa da gyaɗa na ta zagayawa. Masu gonaki da mutanen lajna a ciki. Mutanenmu na gonaki a waje, a tsaye cikin rana, ba wanda ya tambaye su komai. Injiniyan kamfani ya yi dogon bayani. Abin da na tsinta shi ne ramin yana da nisa, ƙasa tana tace komai, kamfani kuma ɗan gari ne, ba zai zuba ƙasa a tuwon maƙwabci ba. Wani tsoho mai gonar dabino ya katse shi, ya ce surutu ya isa, in ruwan na da kyau a sha. Injiniya ya yi murmushi, ya ce ai ma'aikatansu shi suke sha kullum, ga ma ɗan'uwansu daga Afirka wanda ba su bambanta shi da kansu ba. Aka kawo bido, aka cika kwano, na shanye na goge baki. Ɗaci da warin mai. Na ce a raina shugaba ya cika hannu da gazuwal. Aka tafa, aka ɗauki hoto injiniya ya dafa kafaɗata, aka ci rago aka watse.

Gonakin da yawa, ƙorafin ma da yawa, kamfani kuwa ya samu magani. Duk gonar da ta yi kuka sai a kafa rumfa a tafi da ni. Lebura suka canza mini suna zuwa Raƙumin Kamfani. In na wuce sai wani ya ce a miƙo wa Alhaji rijiya ya kurkure baki. Ban kula ba, ina inuwa suna cikin ƙura. Ga kuma inda na yanka kaina da wuƙata. Ruwan da ake kawo wa lebura a tanka ban taɓa yarda da shi ba, tankar ta yi tsatsa, kuma ban san inda ake ɗebo shi ba. To ga bido guda na ruwan mudir, an sha kwano ɗaya an bar saura. Na roƙi shugaba ya riƙa bar mini. Ya dube ni wani iri, sannan ya ce in ɗauka mana, ai na cancanta. Na ɓoye a ɗakin gadi. Da shi nake sha, da shi nake dafa shayi, da shi nake dama gari. Warin ya bi ruwan duka, na ce gazuwal haka yake, ɗigo ɗaya ya isa. Duk wanda ya roƙa sai in ce babu. Rowata ce ta cece su.

A wata gona akwai wani dattijo ɗan yankinmu, shi ke ban ruwa, Baba nake ce masa. Bayan wani zama ya tare ni a bayan rumfa, ya kira ni ɗansa, ya tambaye ni tsakanina da Allah ko ruwan rijiyarsu ne na sha. Na ce masa ai idonsa ya gani. Ya kaɗa kai ya koma ga aikinsa. A tunanina ƙarya na yi masa, kuma ban fasa cin abincin rana ba.

Sai jiki ya fara magana. Ciki na ƙuna, baya na ciwo ta wajen ƙugu, fitsari ya canza launi, ƙafafu na kumbura. Na zargi ƙura. Na zargi mai dafa mana abinci. Har wani ɗan Kano da muka yi faɗa da shi a kan tabarma na zarga da asiri. Asibiti ban je ba, don a lokacin baƙon da aka samu da ciwo kan rasa takardar lafiya, daga nan sai mota zuwa iyaka. Abin da ya buɗe mini ido ƙarami ne. Wata rana shugaba ya sauke bido a rumfa, na ga gindinsa da laka, ɗanya. Ruwan ofis ba ya zuwa da laka. A zama na gaba na ɗauki ƙusa na karce hannun bidon da zai tafi da shi rijiya. Wanda ya dawo rumfa, da karcen ya dawo. Ranar ma na sha, don kwano na hannuna kuma ido na kaina. Da aka aike ni mai da darduma na leƙa motar, gaba da baya. Babu bido na biyu.

Na same shi shi kaɗai a bayan ɗakin ajiyar kaya. Ban ɗaga murya ba, shi ma bai musa ba. Ya ce ranar farko ya yi niyya, mantuwa ce ta kama shi, da ya ga na sha ban faɗi ba sai ya ce wahalar me. Ya ce mu da muka sha ruwan da ya fi wannan muni a hanyar Dirku cikin hamada, ɗan warin mai ne zai kashe mu? Na tambaye shi ko injiniya ya sani. Ya ce injiniya bai taɓa tambaya ba. Na ce zan faɗa wa masu gonaki. Ya yi dariya, ya ce in je mana, in ce musu na zo cutarsu ne aka riga ni, mu ga wanda 'yan sanda za su fara jefawa a mota, mai takarda ko marar ita. Gaskiya ya faɗa. Na bar shi tsaye.

Ban gudu ba. Na jira zama na gaba, aka kuwa yi shi a gonar tsohon nan mai dabino, don bai daina ƙorafi ba. Komai kamar kullum, rumfa, shayi, bayani, ɗan'uwanmu daga Afirka. Aka miƙo mini kwano. Na riƙe shi da hannu biyu, na taka har gaban injiniya, na durƙusa yadda ake yi wa babba. Na ce da guntun Larabcina, a ƙasarmu ƙane ba ya sha kafin wa, tunda ya ce ni ɗan'uwansa ne, ya fara. Ya yi dariya, ya karɓa, ya kai kusa da baki, warin ya buge shi. Ya ce yana da gyambon ciki, likita ya kafa masa doka. Tsohon ya miƙe da sandarsa ya ce to ɗan lajna ya sha, ko shugaban lebura, ko duk wanda cikinsa ke lafiya. Kwanon ya zagaya rumfar daga hannu zuwa hannu, ya dawo cike.

Kafin la'asar an sauke ni a bakin titi da ƙullin kayana. Kada mai karatu ya ɗauka na yi nasara. An rufe ramin da yashi, an haƙa wani can gaba. Masu gonaki aka zauna da su cikin gari, ba rumfa ba hoto. Ban san abin da aka yi ba, na dai san ƙorafi ya mutu, inji kuma bai tsaya ba. Daga baya na ji wani sabon zuwa ya gaji aikina a wasu gonakin. Na taka har wurin Baba na faɗa masa komai, na nemi ya yafe mini. Yana buɗe wa albasa ruwa, bai ɗago ba. Ya ce shi tun farko bai yarda da ni ba, ya tambaye ni ne kawai ya ga ko bakina zai iya. Na ce to me ya sa ya ci gaba da sha. Ya ce in nuna masa wata rijiyar. Ba a daɗe ba mutanen yankinmu suka sa shi a mota zuwa gida, ba ya iya tsayuwa. Ban ƙara jin labarinsa ba.

Abin da na koya ba shi da yawa. Mai yawan zargi ba shi da wuyar kamu. Ka nuna masa cuta ɗaya, ka ce da shi za a yi, shi ke nan ya daina dubawa. Na ji yanzu ana ta haƙa a ƙasashenmu, zinariya da wasu duwatsun, kuma kamfanoni na kiran zama wai a ji ra'ayin jama'a a kan ruwa da ƙura. Ban ce kada ku je ba. Ku je, ku ci ragon ma. Amma ku dubi wanda aka zaunar a rumfa da wanda aka bari a rana, don na cikin ranar nan shi ke shan ruwan. Ku koma wurin ranar da ba a gayyace ku ba, ranar da inji ke aiki. In aka ce ruwa lafiya yake, ku ɗebo da hannunku ku miƙa wa bakin da ya faɗa, ba yaronsa ba. Kai kuma ɗan'uwana mai aikin ƙarfi a ƙasar wasu, duk ranar da babba ya ja ka gefe ya ce kai kaɗai ne mai ido, ranar ce ya kamata ka buɗe shi.

Ina Sabha har yau, a unguwar Abdulkafi, ina gadin wani gida da mai shi ya kasa gama ginawa. Likitan da na samu gani daga baya ya ce ƙodojina sun gaji. Bai ce ruwan ne ba, bai ce ba shi ne ba. Bulo ɗaya ba na iya ɗagawa. A gida suna tsammanin har yanzu ƙarfi nake sayarwa, ni kuma ban gyara musu ba.