Ga Yaya Ishtiyak, Wanda Suka Ce Farar Ƙafa Gare Shi

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Lahadi, bakwai ga watan Sha'aban, gab da magariba, Allah Ya karɓi ran yayana Ishtiyak Ansari, mai gyaran keke a tsohon garin Bhopal na ƙasar Indiya. Ya rasu a ɗakinsa na bene jim kaɗan bayan ƙasarmu ta ɗauki kofin kurket, wasan buga ƙwallo da sanda, ƙofarsa a garƙame da kwaɗo ta waje. Ni ƙanwarsa Nuzhat nake rubuta wannan, kuma ban huce ba.

Yaya, babu yaron layinmu da bai fara buga ƙwallo da sandar da ka sassaƙa masa daga tsohon katako ba. In suka fasa gilashin tagar wani, kai kake zuwa ba da haƙuri, ka gyara da hannunka, sannan ka ja wanda ya yi ɓarnar gefe ka ce, “Bugun ya yi kyau, saitin ne babu.” Da mahaifinmu ya rasu, a bayan kekenka na gama makaranta, kana tuƙi kana ba ni labarin wasannin da aka yi tun ba a haife ni ba.

Tsautsayi ya kai ka shagon Altaf mai shayi wata rana ana kallon wasan kurket a talabijin. Shigarka ke da wuya aka fitar da gwanin bugun ƙasarmu daga wasan. Altaf ya ce, “Kawu, wallahi farar ƙafa gare ka!” Aka yi dariya, kai ma ka yi. Amma suna ya bi ka shekara da shekaru. In aka ci mu, kai ne. In ruwan sama ya tsayar da wasa, kai ne. Yaran da ka koya wa riƙe sanda su ne suka koma janye benci in sun hango ka.

Ranar wasan ƙarshe, Altaf da abokinsa Bablu suka lallaɓa suka sa wa ƙofarka kwaɗo, wai kada ka sauko ka karya wa ƙasa sa'a. Sun manta kana da ƙaramar talabijin ɗinka.

Da aka buga ƙwallon nasara, gari ya ɗauka. Na fito ƙofar gidana na hango ka a taga, kana kaɗa murfin tukunya da ludayi, hawaye har gemu. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskar ɗan Adam ba. Kana watso laddu, alewar da ka saya tun da safe don ka tabbata za mu ci, kana ihu: “Altaf! Tun ƙwallon farko nake kallo! Ina farar ƙafar? Zo ka buɗe ni in taka rawa, ɗan nema!”

Sai a lokacin na san an kulle ka. Ina kallo ka dafe ƙirji, murfin ya faɗo titi. Makulli yana aljihun Altaf, shi kuwa ya hau babur ya bi ayarin masu murna. Kafin a ɓalle ƙofar, ka riga mu gidan gaskiya.

Su Altaf sun zo gaisuwa, kawuna a sunkuye. Altaf ya ce, “Yaya Nuzhat, wasa ne, ƙaddara ce ta gifta.” Na san ƙaddara, ba a shagon shayi zan koye ta ba. A bakin ƙofa kuma na ji Bablu da kunnena yana raɗa wa wani, “Amma dai ka ga mun ci.”

To ku saurara. Ban yafe ba. Duk ranar da ƙasarmu za ta yi wasa, zan zo shagonka, Altaf, in zauna a bencin gaba, daidai ƙarƙashin talabijin, da hoton yayana a cinyata yana fuskantarku. Ba zan ce uffan ba. Duk wanda ya ɗaga kai zai kalli ƙwallo, sai ya fara haɗa ido da shi. Mai ƙarfin hali ya zo ya kulle ni.

Yaya, ina yi wa ’yarka Sadaf da jikokinka ta'aziyya, Allah Ya ba su haƙurin da ni na kasa samu. Ya Allah Ka gafarta wa Ishtiyak, Ka yalwata kabarinsa, Ka buɗe masa ƙofofin Aljanna gaba ɗaya. Tsakaninmu da su Altaf kuwa, Kai ne alƙali. Amin.