Sun Shiga Rumfarki da Almakashinsu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda manoman kokwamba suke kira Likitar Ganye. Da ba'a suka laƙaba mata sunan, yau kuma da shi suke matse hawayen da babu.

Yaya, kin yi aiki a ɗakin gwajin cututtukan shuka har kika yi ritaya, sannan kika kafa rumfar leda ta noman kokwamba a tsakiyar nasu rumfunan. Duk wanda ganyensa ya sauya, ke yake kira, ba ki taɓa cewa kin gaji ba. Sai ki ɗaga ganyen ki dube shi ta hasken rana. In tsofaffin ganye ne suka koɗe bai ɗaya, ki ce yunwa ce, a ƙara taki. In kuwa sabon toho ya yi dabbare-dabbare ya yamutse, sai ki murje shi cikin 'yar jaka ki tsoma tsinken gwaji. Layi biyu suka fito, bairos ne, ba shi da magani sai tugewa da ƙonawa. Kin faɗa musu har muryarki ta dushe cewa wannan cutar a hannu take yawo, da bakin almakashi.

Ranar da kika nuna wa shugaban ƙungiyarsu layi biyu a rumfarsa, dariya ya yi. "Malama, kambun baka ne. Tun da maƙwabcina ya yaba ta, ta lalace." Ya yi ta feshin maganin ƙwari har ganyen suka ƙone. Cutar ta bi rumfunan ɗaya bayan ɗaya, rumfarki kaɗai ta tsira, don ba mai shiga sai ya wanke hannu ya taka ruwan bilic mai kashe ƙwayoyin cuta. Suka ce girman kai ne. Duk da haka ke kika raba musu iri mai tsafta suka sake shuka, amma da yake ba su sauya hali ba, cutar ta dawo musu.

Muna zaman makoki da 'ya'yanki, sai ga Shugaba da tawagarsa, suna share gumi. Ya ce, "Ƙanwa, kada ki damu da rumfa. Mun yi mata aski tas, ko reshe ɗaya ba mu tsallake ba." Kowa da almakashinsa a aljihu, kai tsaye daga tasa rumfar mai ciwo. Kwanon bilic kuwa sun ture shi gefe, wai yana tare hanya. Har hoto suka ɗauka. Ban taɓa raina manya kamar yadda na raina su ranar ba.

Jiya na ga toho ya fara yamutsewa. Na gwada yadda kika koya mini, layi biyu ne, daga bakin ƙofa har ƙurya. Rumfar nan ita kaɗai kika bar wa marayunki, ita ce cinsu da karatunsu. Gobe za mu tuge ta.

Allah Ya jiƙanki, Yaya, Ya yafe kurakuranki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa alherin da kika yi ya bi ki. Ku kuma 'ya'yana, ina yi muku ta'aziyya. Ƙungiya ta aiko tana tambayar me kuma za ta yi muku. Allah Ya ba ku haƙurin rashin mahaifiyarku, Ya tsare ku daga taimakonsu.